Rigar Wayoyi a Ɗakin Tumba

Bazarar bana ta kore ni daga ɗaki tun da hantsi. Ina zaune a gindin mangwaro ina fifita, sai jikata ta matso da waya, wai in kalli wani dodo da ya sauko daga sama yana cinye gari. Na karɓa na duba da kyau. Dodon ya yi kyau har ya ɓaci. Fatarsa na sheƙi, yawu na zuba, ko'ina a haɗe, babu inda za ka nuna ka ce ga ɗinki. Na miƙa mata abarta na ce ban so. Ta ce ai ni ban san fim ba. Na ƙyale ta, don tana goye a bayan uwarta lokacin da na yi nawa kallon, a bazarar da muka dawo Mubi daga gudu.

Ana dab da girbi 'yan ta'adda suka shigo gari, muka gudu. Dawa ta sunkuyar da kai, gyaɗa ta isa cira, muka bar su tsaye a gona muka ranta a na kare. Ni na bi ta Maiha na sauka wajen ƙanena a Belel, wasu suka yi Yola, wasu suka tsallaka Kamaru. Da aka ce gari ya lafa muka dawo, sai muka tarar dabbobi da wuta sun yi mana girbin. Gidana kuwa yana nan tsaye, amma ko ƙofa ɗaya ba a bar mini ba. An ɓalle su duka, har ta banɗaki. Muka rataya tsofaffin zannuwa da buhuna a madadinsu, ni da 'yan hayar da suka dawo. Mijina ya rasu tun kafin wannan fitina, don haka gidan da duk abin da ke cikinsa a wuyana suke.

Wuni ɗaya kamar ɗan'uwansa yake a lokacin. Da gari ya waye sosai, an buɗe hanya, sai mu ɗauki jarkoki mu nufi mayo, wato kogi, don 'yan garuwa ba su dawo ba, famfo kuwa mun manta da kamanninsa. Ruwan ya janye, sai mun tona yashi mun jira ya tattaru a ramin, mu riƙa kwasa da ƙoƙo. Kafin mu iso gida rana ta fara cizo, jarka ta yi ɗumi a ka. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, tuwon masara da miyar kuka wadda ba ta san daddawa ba. Sauran cikin mangwaro ne ke cike shi, ɗanye da nunanne, har haƙora su mutu. Idan azahar ta yi kwano ya ɗauki zafi, ɗaki ba ya shiguwa, ƙadangare ma neman inuwa yake. Tun kafin magariba kuma kowa ya shige gida, saboda dokar hana fita.

Yunwar da zafin duk da sauƙi. Abin da ya fi cin rai shi ne yadda kowa ke kallon kowa ta wutsiyar ido. Wanda bai gudu ba abin zargi ne. Wanda ya dawo da wuri abin zargi ne. Wanda ya makara kuwa ya fi su duka. A bakin kasuwa sai namiji ya ɗaga riga an ga cikinsa kafin ya wuce, mace kuma 'yar'uwarta ta shafa ta. Ni dama can Allah ya yi ni da sa ido, mijina yakan ce ko kaza ce ta shigo gidan sai na tambaye ta wa ya aiko ta. A waccan shekarar halin nawa ya samu kasuwa.

Jauro, wato mai unguwarmu, ya fito da tsari: duk wanda ya dawo, sai mai gidan da yake zaune ya tsaya masa a gaban mutane. Idan ka tsaya wa mutum ya zama na banza, da kai da shi za a kwasa, gidanka ma ba lalle ya kwana a tsaye ba. Idan kuma ba wanda ya tsaya masa, magana ta taso a kansa, to an miƙa shi gaba, hannun jami'an tsaro. Waɗanda aka miƙa gaba a lokacin, ban ga wanda ya dawo ya ba da labari ba.

Tumba ne ya dawo a ƙarshe. Mutumin Michika ne, Kirista, ya daɗe yana haya a ɗakin da ke kusa da zaure, da matarsa Masi da 'yarsu. Kafin fitina yana da gidan kallo kusa da tasha. Ya shigo shi kaɗai, ya rame kamar kara, gemu ya cika masa fuska, da wata jaka a rungume a ƙirji. Ya ce sun rabu da iyalinsa a kan dutse ranar gudu, shi kuma ya yi watanni yana ɓuya yana nemansu. Na ce Allah ya bayyana su. A zuciyata kuwa na ce, watanni a ina, kuma wa ya ciyar da kai?

Ba ni kaɗai ba ce. Adda Dija, maƙwabciyata, Bafulatana mai baki kamar reza, ta ja ni gefe a bakin mayo ta ce, "Hajiya, ka ga gemun nan? An ce idan sun kama mutum suna juya masa kai, su sake shi ya dawo cikin mutane. Kirista ma ba su bari."

Da Jauro ya zo zagaye ya tambaye ni ko na tsaya wa Tumba, sai na ce, "Ranka ya daɗe, ina dai kallonsa."

Ya ce, "Kallo ba tsayawa ba ne, Hajiya."

Na ce na sani. Ya tafi ya bar maganar a rataye.

Abin da ke cikin jakar nan, ashe, wata 'yar na'urar dibidi ce mai allo a jikinta, da tarin faya-fayai a leda. Iyakar abin da ya tsira da shi daga gidan kallonsa ke nan. Ya samo tsohon batirin mota da ɗan allon sola mai tsaga, ya riƙa shanya shi a kan katanga. Lokacin ƙanena ya aiko mini da buhun gyaɗa mai ɓawo, don iri da ɗan mai, matan gidan da na maƙwabta kan taru a zaure bayan azahar muna ɓara, kowa ta tafi da ɗan abin da za ta jefa a miya. Wata rana sai ga Tumba da na'urarsa, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Mama, in sa muku kallo? Aiki zai yi sauri."

Na ce, "Wane irin kallo? Ban son wa'azi, ban son harbe-harbe."

Ya ce, "Babu, Mama. Shirme ne kawai. Za ka gani."

Na yarda ne don in ga abin da yake kallo shi kaɗai a ɗaki. Ya ɗora na'urar a kan turmin da aka kife, ya kunna.

Shirme kuwa na gani wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Wai mutanen wata duniya ne suka taso za su ci tamu da yaƙi, a cikin jirgin da ko makaho ya shafa ya san faranti ne aka kifa a kan faranti. Adda Dija ce ta fara hango zaren.

"Ku tsaya! Wallahi ga zare! Da zare aka rataye shi!"

Tumba ya mayar da wurin baya, muka matso har kawunanmu na gwaruwa. Ga zare nan fari ƙal, farantin na lilo a jikinsa. Wata dariya ta ƙwace wa Adda Dija, irin mai fitowa ta hanci, sai duk zauren ya ɗauka. Na tsinci kaina ina share hawaye da gefen zane. Tun ranar da muka gudu ban ji dariya daga bakina ba sai ranar, har sai da haƙarƙarina ya yi ciwo.

Daga nan abin ya zama kullum. Ba ma jin yaren da suke yi, Tumba ne ke fassara, kuma na tabbata rabi ƙirƙira yake. "Wannan mata, shi ne sarauniyan wata. Ya ce a kawo masa dukan shanun duniya kafin Jumma'a." Akwai ƙaton ƙadangare mai taka gari, wanda idan ya juya baya sai ka ga zif tun daga wuya har gindi. Akwai mai ido uku da na ukun ke ɓallewa idan ya yi gudu. Wanda muka fi so shi ne mutumin ƙarfe, mai kai kamar bokiti da fitilu ja da kore a ƙirji, yana tafiya kamar mai ciwon baya. Benaye na rushewa, Tumba na cewa, "Kar ku damu, kwali ne. Gobe za su manna shi su sake."

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa muka maƙale wa wannan wauta, mu da muka ga gari ya rushe da gaske. A wurina dai, daɗin shi ne a can mugu ba ya ɓuya. Kore ne, ko mai ƙaho, tun daga nesa ka san shi. Ba ya gaishe ka da safe, ba ku haɗa layi a bakin mayo. Kuma ko yaya ya kai da ban tsoro, ka san akwai wani bawan Allah a cikin robar yana zufa, yana jiran a tashi ya ci abinci. Ina son wannan, ba na ɓoyewa.

Amma ina dariya ina kallon mai na'urar. Na lura idan muna kallo shi ba labarin yake bi ba, yakan tsayar da hoton a kan mutumin ƙarfe ya ƙura masa ido. Na lura da safe idan ya sauke ruwa yakan bi ta layin shagunan da aka ƙona, ya dawo da aljihu a cike. Na ga guntayen waya. Na ga ƙananan batura, da gwangwanayen madara, da igiyar roba. Rannan ya aro allura babba a wajena, na ce me zai ɗinka, ya ce, "Wani abu ne, Mama, sai ya gama." Ya yi murmushi. Murmushin nan ya hana ni cin tuwon ranar. Na yi niyyar in je wajen Jauro, na yafa mayafi har na kai zaure, na tuna inda maganar za ta kai shi, na dawo na zauna. Na ce bari in ƙara kallo.

Iskar hadarin farko ce ta yanke mini shawara. Da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso mai ƙanshin ruwa, muna ta kwashe gyaɗa daga shanya. Tumba ya tafi mayo. Iskar ta ɗage buhun da ke ƙofar ɗakinsa ta maƙale shi a kan kwano, Adda Dija kuma tana wucewa da tire a hannu. Ta saki tiren.

Riga ce a rataye a ƙusa, mai kama da falmaran. Gwangwanaye a jere a gabanta, wayoyi ja da baƙi sun bi ta ko'ina, batura a ɗaure da roba, ga wata waya ta sauko da makunni a bakinta. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan a shekarun nan ya san rigar da ake nufi idan an ce riga mai wayoyi. Adda Dija ba ta tsaya ba, ta fita tana kururuwa, kafin ka ce me gidan ya zama wayam, unguwa ta cika titi daga nesa.

Mafarautan da ke sintiri suka iso da bindigoginsu, Jauro na biye yana haki. Daidai lokacin Tumba ya ɓullo kan kwana da jarka a ka, bai san me ake ciki ba. Suka daka masa tsawa. Ya jefar da jarkar, ruwan da ya sha wahalar tonowa ya bi ƙasa. Suka sa ya tuɓe riga ya kwanta rubda ciki a kan ƙasar da ta wuni tana gasuwa, baki biyu na bindiga a ƙeyarsa.

"Kayan fim ne!" yake ta faɗa, bakinsa cikin ƙasa. "Wallahi kayan fim ne! Ku bari in nuna muku!"

Babban mafarautan, wani dattijo mai layu har wuya, ya ce, "Ka motsa ka gani. Kai za ka nuna mana? Mun san irin nunin." Ya juya ga Jauro ya ce a aika a kira jami'an tsaro masu mota, su zo su ɗauke shi su kuma san yadda za su yi da ɗakin.

Jauro ya dube ni. Duk unguwa ta dube ni.

"Hajiya, gidanka ne. Ka ce kana kallonsa. To, yau kallo ya ƙare. Ka tsaya masa ko a kira?"

Na dubi bayan Tumba, ƙasusuwa duk a waje. Na ce a ba ni dama in shiga in gani da idona. Dattijon ya ce in na shiga da ƙafata na shiga, ba wanda zai bi ni. Na ce ban nemi rakiya ba.

Gidan shiru, sai buhu na kaɗawa. Na tsaya a gaban rigar. A ƙasa kusa da tabarma ga wani tsohon bokiti an huda masa ido biyu, an manne shi da takardar sigari mai ƙyalli, an soka masa cokali biyu a matsayin kunne. A jikin kowane gwangwani an ɗaure ƙwan tocila, wani an shafa masa jan farce, wani an naɗe shi da koriyar leda. Mutumin ƙarfe ne sak, har da karkacewar. Na gane shi kamar yadda zan gane ɗan maƙwabta.

Sai dai zuciyata ba ta bar ni ba. Ta ce, in da ke ce mai mugun nufi, kuma kina da wayo, ba haka za ki yi ba? Ki shafe makonni kina nuna wa mata shirme har idonsu ya saba, sannan ki ɗinka naki? Na ɗaga gwangwani ɗaya da ɗan yatsa, ba nauyi. Na biyun ma haka. Amma ni me na sani game da nauyin irin waɗannan abubuwa? Ƙuli-ƙuli nake soyawa.

Na san in na fita na ce na duba ba komai, ba wanda zai karɓa. Maganar tsohuwa ce. Na sauke rigar daga ƙusa, na riƙe ta nesa da jikina kamar kifin da ya kwana, na fito bakin zaure. Mutane suka watse da ihu, har da masu bindiga suka ja da baya. Dattijon yana cewa, "Ajiye! Hajiya, ajiye!" Na ce, "Na tsaya masa." Na rufe ido, na yi kalmar shahada a bayyane, na danna makunnin.

Wani ɗan kiɗa ya tashi, siriri, irin na motar wasan yara. Na buɗe ido. Ja, kore, ja, kore, fitilun suna ƙyaftawa, rabinsu ma sun ƙi kamawa. Ɗaya ya ɓalle ya faɗi a kan ƙafata. Kiɗan nan yana ta maimaita kansa a tsakiyar titi, iska na kaɗa wayoyin. Can daga bayan katanga na ji dariyar nan mai fitowa ta hanci. Adda Dija ce, tana yi tana kuka.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya karɓi rigar ya farke gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, ba komai a ciki sai tsumma. Ya sa aka ɗaga Tumba, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai, a duk garin nan ba ka ga abin ɗinkawa ba sai wannan? A wannan shekara?" Ya kwaɗa masa mari ɗaya, wanda ni ma a raina na ce ya ci. Suka tara rigar da bokitin suka cinna musu wuta a nan titi. Ba su gama ci ba ruwa ya sauko, manyan ɗigo masu ɗumi, kowa ya ruga fitar da robobi da tukwane.

Da ruwan ya tsagaita na same shi zaune a dokin ƙofarsa, kunci a kumbure, ƙirji duk ya sale. Na ajiye masa tuwo. Bai taɓa ba.

"Mama, na ji ka yi shahada kafin ka danna."

Na ce, "Na yi."

"Ashe ka yi zaton zai tashi."

"Na yi zato. Kai ma da ka ga abin da na gani, da ka yi. Yanzu gaya mini, uban me ya kai ka?"

Ya ce ya je sansanin 'yan gudun hijira har ya gaji, ya ba da saƙo a coci-coci, ba labari. Ya ce in mutum ya ɗauki kansa a waya yana kuka yana cigiya, ba wanda ke tura wa wani, kowa na da nasa kukan.

"Amma shirme, Mama, shirme yana tafiya. Daga waya zuwa waya, har Kamaru. Na ce in yi mutumin ƙarfe ya zo satar shanu a kasuwan Mubi. Mutane su yi dariya su tura. A ƙarshe sai in cire bokiti. Wani zai gani ya ce wa Masi, ai ga mijinka can a Mubi, yana da rai, yana hauka."

Na tashi na shiga ɗakina, na jawo akwatin da ɓarayi suka raina, na zaro falmaran ɗin marigayi mijina, baƙa mai aljihu huɗu, wadda yake sawa ranar kasuwa. Na kawo na jefa masa a cinya.

"A tsakar gida za ka ɗinka ta, da rana, a gabana. Jauro zai sani tun kafin ka soka allura. Kuma duk wayar da za ka ɗaura sai ta bi ta hannuna."

Ya ɗaga rigar ya kara a ƙirjinsa, ta yi masa yawa. Ya dube ni da kumburarren kuncinsa.

"Har yanzu ba ka yarda da ni ba, Mama."

Na ce, "Ban yarda ba. Ci tuwonka, ka je ka ɗauko allurar."